Takardar da Abednego Ya Taka

Duk wanda buƙata ta taɓa kai shi sakatariyar ƙaramar hukumar nan da ke kan hanyar Nyanya ya san sito, ya kuma san Abednego. Sito shi ne dogon ɗakin nan na ƙarƙashin bene, inda fayiloli suka tashi tun daga siminti har suka taɓo silin, ɗauri bisa ɗauri, suna warin ɓera da tsohuwar damina. Abednego kuwa shi ne babban jami'in ajiyar takardu, mutumin Filato, dogo mai furfura a gemu, wanda ya shiga siton nan yana saurayi bai fito ba har ya aurar da 'ya. Babu fayil ɗin da babu rubutunsa a bango. Da jan biro yake yi, ƙananan haruffa a jere kamar shukar gero: sunan mai fayil, ranar da ya shigo, ofishin da ya je, ranar da ya dawo.

Sai aka kawo Kauthar. Aro ta aka yi daga wata ma'aikatar tarayya don ta kwashe siton kaf ta zuba a kwamfuta. Yarinya ce mai ilimi da kunya, ba ta da girman kai, ba ta karɓar na goro. Aibinta ɗaya, kuma shi ya ci ta: gaggawa. Kullum ka gan ta tana tafe tana duba waya, kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta a Gwarinpa.

Kowa ya zaci za a yi ta ɗauki-ba-daɗi tsakaninta da tsohon, sai ga shi jininsu ya haɗu. Shi ke kwance ɗauri, ma'aikatanta su ɗora takardu a na'urar da ke ɗaukar hotonsu, ita tana sama tana duba abin da ya shiga. Sau ɗaya suka yi saɓani, shi ma a kan bangon fayil.

Ya ce, "Hajiya, wannan cover fa? Kai ba za ka yi scanning ɗin shi ba?" Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne.

Ta ce, "Haba Baba Abed, bango ai ba takarda ba ne. In muka ce sai mun ɗauki bango, sai baɗi mu gama."

Ya dubi bangon da ke hannunsa, ya yi dariya, ya jefa shi kan tuli. "To shi ke nan. Your machine, your wahala."

Akwai wani abu kuma da Kauthar take gani kullum a fuskar kwamfutarta. Mutanenmu in za su rubuta wa hukuma koke, ko neman rumfar kasuwa, ko neman filin masallaci, da Bisimilla suke buɗewa, da Larabci a saman takarda. Wani ma sai ya ƙara aya a ƙasa ko zuciyar ma'aikaci za ta yi laushi. Irin waɗannan wasiƙu suna nan birjik a tsofaffin fayiloli. Ita kuwa a hannun kakarta ta tashi, tsohuwar da ko guntuwar takarda ta gani a ƙasa da rubutun Larabci sai ta duƙa ta ɗauka, ta kaɗe, ta soke a tsagar bango. Don haka ya sha faɗo mata a rai cewa ya kamata a ware irin waɗannan daban, a kai wa limamin masallacin sakatariya ya san yadda zai yi da su. Kullum sai ta ce gobe.

Goben ba ta zo ba sai ga kiran ciyaman. An sa ranar buɗe sabon tsari, manyan baƙi za su zo, ana son sito fayau a yi fenti a kafa na'urori. Ta sa hannu a takarda cewa tifa ta zo ta kwashe komai zuwa inda ake niƙe tsofaffin takardu. Komai, haka ta rubuta.

To, a bakin get ɗin sakatariyar akwai bishiyar mangwaro, a gindinta akwai benci, a kan bencin akwai Labaran. Shi ba ma'aikaci ba ne, amma ya fi ma'aikata zuwa aiki. Sana'arsa ya tare baƙo ya ce, "Fayil ɗinka ai ya ɓace, amma bari in shiga in gani." Sai ya shiga ya fito, a ba shi na goro. Abednego ya sha korar sa daga ƙofar sito. Da kwamfuta ta zo, sana'ar ta mutu murus, don yanzu suna kawai za ka faɗa a danna. Labaran ya ci gaba da zama a bencin, yana taunar asuwaki yana bin kowa da harara. Masallacin sakatariya na nan kusa da shi, amma ba a cika ganin takalminsa a ƙofar ba sai ranar da wani ya kawo shinkafar sadaka.

Ranar wata Alhamis bayan Azahar tifar ta zo. Ba ta iya shiga get ba saboda motocin manya, sai ta tsaya a waje, bakin kwata. Leburori suna fitowa da ɗauri a ka suna cillawa sama, Abednego na tsaye yana lura. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta taso.

Iskar ce ta buga tagar ofishin Kauthar, ita kuma ta taso za ta rufe, don haka komai a idonta aka yi.

Wani ɗauri ya zame daga saman tifa ya faɗo, kirtanin ya tsinke. Na biyu ya biyo shi, na uku ma haka. Takardu suka tashi fur kamar an kori kaji, suka bazu a titi. Abednego mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana tsare sirrin mutane kada ya fita titi. An ɗauki hotonsu ko ba a ɗauka ba, jikinsa bai san wannan ba. Sai ya bi su a guje, yana cafkewa da hannu biyu, yana cusawa a hammata. Wata ta nufi kwata, hannuwansa a cike, sai ya yi abin da ya yi sau dubu a sito in fanka ta ɗebi takarda: ya miƙa ƙafa ya danne ta da takalmi. Sannan ya duƙa zai ɗauka.

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Labaran ya riga ya hango abin da ke saman takardar. Ya miƙe tsaye a kan benci, ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a! Ya taka sunan Allah! Ga shi nan, da takalmi! Da gangan ya yi, ni na gani!"

Kafin Kauthar ta saki tagar, 'yan acaɓan da ke fake a gindin mangwaro sun taso. Na farko ya zo da gudu ya sa ƙafa ya haure Abednego a haƙarƙari yana duƙe, tsohon ya kife, takardun hammatarsa suka watse. Ya ɗago yana cewa wani abu, hannu ɗaya a sama, wani ya sauke masa hular kwano a baki. Daga saman bene ta ji ƙarar.

Ta yar da wayarta ta yi matakala. A ƙasa ta tarar ma'aikata sun yi cirko-cirko a tsakar gida, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, kamar ana wasan ƙwallo. Maigadi ya riga ya ja get ya danna kwaɗo. Ya kulle su a ciki, ya kulle Abednego a waje.

"Buɗe min!"

"Hajiya, wallahi ba zan buɗe ba, za su shigo."

Ta fizge makullin ƙaramar ƙofa daga hannunsa har ta yage masa aljihu. Ita kanta ba ta san tana da wannan ƙarfin ba.

A waje mutane sun ninka. Daga tasha suke kwararowa, kwandastoci, masu tura baro, masu sayar da caja, 'yan zaman kashe wando. Yawancinsu ba su ga takarda ba, ba su ga takalmi ba, ihu kawai suka ji. Wani ma tambaya yake, "Ɓarawo ne?" alhali ya riga ya ɗauki dutse. Direban tifa da leburori tuni sun cika wandonsu da iska. Kauthar ta kutsa tsakanin kafaɗu da warin gumi, tana ture na turewa, tana ihu ba mai jin ta.

Da ta isa tsakiya sai ta gan shi. Abednego na kwance a gefe ya dunƙule, farar rigarsa ta koma ja da baƙin taɓo. An fasa masa gira, idon ya rufe, haƙoransa biyu na nan a ƙasa. Ƙafarsa ta dama, wadda ya yi takun da ita, wani ƙato ya taka gwiwar yana dukan ƙaurin da katakon wani benci, yana dukan yana ƙarawa, har ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Tsohon ba ya ihu kuma, sai wani gurnani daga ƙirji duk sanda aka sauke masa.

"Ku bari! Don girman Allah ku bari!"

Wani ya ce, "Hajiya matsa, ba ruwanki."

"Da ruwana! Ni na sa a kwaso takardun nan! Ni na sa hannu! Shi bai ma iya karanta Larabci ba, iska ce ta ɗauka!"

Labaran ya amsa daga kan benci, "Ƙarya take! Bakinsu ɗaya! Ita ce mai kwamfutar!"

Sai ta hango ana miƙo taya ta saman kawuna, hannu zuwa hannu, wani saurayi kuma ya tsuguna gefen babur yana zuƙo fetur da tiyo cikin gora. Nan ta daina tunani. Ta faɗa kan Abednego, ta rufe kansa da ƙirjinta, ta baza hijabinta a kansa.

Dukan bai tsaya nan da nan ba. Katako ya sauka a kafaɗarta, ta ji hannun ya mutu. Dutse ya same ta a goshi, jini mai ɗumi ya gangaro mata cikin ido. Wani ya kama hijabin yana ja har ya shaƙe ta, ta riƙe rigar tsohon gam, ta cusa yatsu a cikin bel ɗinsa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta tabbata yau za ta mutu a bakin kwata, tana ta maimaita kalmar shahada. Ta ji sanyin fetur a bayanta, warinsa ya cika mata hanci.

Kuncinta na manne da ƙasa, don haka abin da take gani ƙafafu ne kawai. Silifa, kambas, takalman roba, tsagaggun dugadugai. Kuma ƙarƙashin kowace ƙafa akwai takarda. Ɗauri uku ne suka fashe, titin ya rufe ruf da su, ana tattaka su cikin taɓo da jini da fetur. Dab da hancinta, ƙarƙashin silifan wani matashi mai riƙe da ashana, ta ga Bisimilla da shuɗin biro.

Wani baƙin ciki ya taso mata ya danne tsoron. Ta miƙa hannunta mai rai ta fizgo takardar daga ƙarƙashin ƙafarsa, ta ɗago a kan gwiwoyi, ta manna masa ita a fuska.

"Karanta! Karanta mana in ka yi makaranta! Wannan fa wa ya taka? Ku dubi ƙafafunku! Duk ku dubi ƙafafunku!"

Matashin ya duba, ya ga shatin silifansa a kan rubutun. Ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi, ya sauka a kan wata takardar, ya sake ɗage ƙafa. Ashanar ta faɗi. Na kusa da shi ya sunkuyar da kai, shi ma ya ɗage. Ta rarumo wata ta ɗaga, ta rarumo wata, tana kuka tana karanta su da ƙarfi, jini na shiga mata baki. Ƙattin da suka zo kisa suka koma suna ɗingishi da ƙafa ɗaya, suna neman inda za su sa ɗayar, babu. Mai katako ya saki katakonsa.

Daidai nan Malam Badaruddeen, limamin masallacin sakatariya, ya iso ta ƙaramar ƙofa, tsoho ne mai ciwon gwiwa, yana haki. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya tsaya a kan Abednego.

Ya ce, "Wa ya ba ku ran mutum? Wane malamin ya karantar da ku haka? Wanda bai sani ba kuka kama, ku da kuka sani ga abin da kuke tsaye a kai. Ku ji tsoron Allah!" Hawaye na bin gemunsa. Ya durƙusa ya fara tsince takardun ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da babbar rigarsa. Wasu suka duƙa suna taya shi. Na baya suka fara zamewa.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce Allah Ya kiyaye. Amma Labaran ya ga kasuwa za ta watse bai sayar ba. Ya diro daga benci, ya sunkuci bulon da ake tare tayar mota da shi, ya ratso ta bayan liman. Kauthar ta juya baya tana miƙa wa Malam takarda. Ƙarar kawai ta ji, wata irin ƙara kamar an fasa ƙwarya. Da ta waiwayo, bulon na kan ƙirjin Abednego, Labaran kuwa ya tsallake kwata ya shige cikin tasha.

Sai ruwa ya kece.

A motarta aka sa shi, wani direban ofis ya ja, ita tana baya ta ɗora kansa a cinyarta. Wanda ya san hanyar Nyanya da yamma, ga ruwan sama, ya san abin da suka tarar. Motoci sun cushe ba gaba ba baya. Direba ya danna oda har ta dushe, ya leƙa yana roƙo, ba inda za a matsa masa. Abednego na numfashi da ƙyar, kowane numfashi da kumfar jini.

"Baba Abed, ka yi haƙuri, mun kusa. Ka ji? Mun kusa."

Ya buɗe idon da ya rage. Ya ɗago hannun dama, wanda tun farko yake a dunƙule, duk dukan nan bai buɗe shi ba. Ya saki yatsun a hankali. Takardar ce, ta cukurkuɗe, ga shatin takalminsa a gefe.

"Hajiya, ban gani ba. Na ɗauka receipt ne." Ya yi tari. "Bai shiga gutter ba. Ka kai wa Malam."

Ta karɓa. Ta so ta gaya masa cewa laifinta ne, cewa ta sani tun tuni ta ce gobe, amma kuka ya hana ta. Kafin su kai gadar sama ya cika, ruwa na ta dukan rufin mota.

'Yan sanda sun zo bayan an watse, suka kama waɗanda suka samu, Labaran ba a sake ganin sa a bencin ba. An ɗage bikin buɗewa, daga baya aka yi shi, aka yanka kirtani aka ci shinkafa. Kauthar ta dawo aiki da hannu a rataye da ɗinki a goshi. Ba ta sauka ƙasa, ba ta son ganin ƙofar sito, wanda yanzu ya sha farin fenti yana fitar da sanyin na'ura.

Wata safiya aka ce tana da baƙuwa. Mace ce mai jiki, cikin baƙaƙen kaya, ta ɗaura kallabi, ta riƙe jaka da hannu biyu. Magdalena ce, matar Abednego. Kauthar ta miƙe, ta rasa ma yadda za ta yi gaisuwa.

Matar ta ce, "Zauna, 'yata. An gaya mini kai ne ka kwanta a kan shi. Allah Ya saka." Ta zauna ita ma, ta ɗora jakar a cinya. "Ba maganar pension ya kawo ni ba. Oga na, a gida ba ya rubuta komai. Ko text ba ya so, sai dai ya kira. Amma kullum yana faɗa wa yara, duk file na wannan office akwai hannun shi a kai, da red biro. Yaran suna so su samu ko guda ɗaya, mu sa a frame. An ce yanzu komai yana cikin computer. Ka cire mana ɗaya."

Kauthar ta ji kamar an sake sauke mata katakon nan. Bangwayen fayil duk sun tafi a tifa, an niƙe su tuni. Ta juya ga kwamfutar duk da haka, ta buɗe fayil na farko. Nan take ya fito, tsaf, shafi na ɗaya, na biyu, na uku. Babu bango. Ta buɗe wani, ta buɗe wani. Wasiƙun mutane na ta wucewa, da tambari, da sa hannun manya, da Bisimilla a sama. Jan biro ko ɗigo babu.

Magdalena ta matso da kujerarta kusa, ta ciro tabarau daga jaka ta saka, ta ƙura wa kwamfutar ido.

Ta ce, "Duba a hankali, 'yata. Ni ba na sauri."